Ma'aikaciyar Lafiya da Kiyaye Ran Uwa da Jariri

Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar da malaman usulu suka zayyana. A lokacin haihuwa kuwa rai biyu ne ke cikin haɗari. Abubuwan da suka fi halaka mai haihuwa sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda da shigar ƙwayoyin cuta. Dukkansu ana iya shawo kansu idan an gano su da wuri. Allurar oksitosin takan sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya, awon ciki kuma yakan bayyana hawan jini kafin ya kai ga jijjiga.

Babban cikas shi ne jinkiri. A shekarar 1994 masu bincike Thaddeus da Maine sun kasa shi gida uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A yankunan karkara na Arewacin Nijeriya, na farkon yana da nasaba da kunya, domin mata da yawa, da mazajensu, ba su amince namiji ya karɓi haihuwa ba. Ma'aikaciya mace ita ke warware wannan ƙulli. Tana shiga gidan da aka rubuta "ba a shiga", mai ciki ta faɗa mata abin da take ɓoye wa kowa. Bayan haihuwa tana koyar da tsaftace cibiya, da shayar da nono zalla har wata 6, da kai yaro rigakafi.

Wannan aiki yana da asali. Malaman sira sun ruwaito cewa Rufaida al-Aslamiyya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can Annabi (SAW) ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da aka harbe shi a yaƙin Khandak.

A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi zuwa asibitocin karkara, sai dai baƙuwa ba ta cika daɗewa a ƙauyen da ba nata ba. Wadda ke zama ita ce 'yar gari. Malaman fiƙihu sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato idan babu mai tsayawa da shi laifin yana kan kowa. Don haka al'ummar da ke son mace ta duba matanta, wajibinta ne ta bar 'ya'yanta mata su kammala sakandare su shiga makarantun ungozoma.