Shirin Musamman: Daga Waƙa Ɗaya Zuwa Faifai Goma Sha Tara

[Kiɗan buɗe shiri]



Yawancin kiɗan ƙetare da muka sani, wani ne ya miƙo mana shi. Yayanka ya dawo daga jami'a da kaset, ko abokiyarki ta turo miki waƙa ta waya ta ce, "Don Allah ki saurari wannan." Mu ji, mu yaba, mu wuce. To amma waƙa ɗaya ba ta isa a san mawaƙi. Wanda Bakandamiya kaɗai ya ji, ai ba zai bugi ƙirji ya ce ya san Shata ba. Yau za mu ɗauki shawarar da aka ba mu da muhimmanci, mu bi faya-fayan makaɗan rok da metal da pop tun daga na farko, a jere kamar yadda suka fito, mu ji abin da ke ciki.

[Sautin jita mai nauyi]

Wannan amon daga unguwar Aston ya fito, a birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu da hayaƙi. Samari huɗu 'ya'yan talakawa ne suka haɗu a 1968: Ozzy Osbourne a waƙa, Tony Iommi a jita, Geezer Butler a jita mai kaurin murya, Bill Ward a ganguna. Su ne Black Sabbath, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen kiɗan metal.

Shi kansa wannan kiɗa, shawarar wani ce ta cece shi tun bai fara ba. Iommi yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Bahago ne, don haka da wannan hannun yake danna tsirkiya. Ya fid da rai da kiɗa. Sai shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta lalata wa yatsu biyu a 1928 amma ya ci gaba da kaɗa jita har ya yi suna a duniya. Iommi ya saurara, ya tashi ya narkar da robar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsunsa 'yan huluna, ya lulluɓe su da fata, ya ɗaura tsirkiya marasa kauri, ya koma koyo.

Wanda ya ba ka Black Sabbath, kusan kullum waƙar "Paranoid" zai ba ka. Waƙa ce da ba ta kai minti 3 ba, wadda suka haɗa cikin gaggawa don cike gurbin da ya rage a faifai. Idan ka koma baya ka fara daga faifansu na farko, wanda ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, abin da zai tarbe ka shi ne ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci, sannan jita mai tafiyar hawainiya. A rana ɗaya suka naɗi kusan dukkan faifan, suna kaɗawa tare kamar suna gaban jama'a. Za ka ji ɗanyen aikin, za ka ji ragowar kiɗan bulus da suka taso a cikinsa.

Watanni bakwai bayan nan faifan Paranoid ya fito, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Waƙar da ta buɗe shi, "War Pigs", tsinuwa ce ga manyan da ke tura 'ya'yan talakawa fagen fama su kuma su zauna a gida, a daidai lokacin da ake yaƙin Biyetnam.

A nan zan ɗan tsaya, domin na san abin da ke ran wasunku. An daɗe ana jingina wa waɗannan mutane tsafi da bautar shaiɗan, kuma sunansu, wanda suka aro daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963, bai taimaka musu ba. Amma wanda ya isa faifai na uku, Master of Reality na 1971, zai tarar da "After Forever", waƙar da ke kira ga imani da Allah da tunanin makoma bayan mutuwa. Butler, wanda ya rubuta yawancin baitocinsu, a gidan mabiya ɗarikar Katolika ya tashi. A wannan faifan ne kuma Iommi ya sassauta tsirkiyar jitarsa don rage wa yatsunsa zafi, sai amon ya yi ƙasa, ya yi kauri. Makaɗa bila adadin sun kwaikwayi wannan nauyin daga baya, alhali asalinsa neman sauƙin ciwo ne.

[Sautin fiyano]

Wannan ma su ne. "Changes" ke nan, daga faifan Vol. 4 na 1972, babu ganga, babu ƙarar jita, sai fiyano da muryar mutumin da ke kukan rabuwa. A lokacin auren Bill Ward yana mutuwa. A lokacin ne kuma hodar iblis ta kama su a Los Angeles, kuma ba zan ɓoye muku ba, daga nan ɓarnarta ta fara bayyana a aikinsu. Sabotage na 1975 cike yake da fushi, domin suna naɗarsa ne suna shari'a da tsohon manajansu kan kuɗi. Faya-fayai biyu da suka biyo baya sun nuna gajiya ƙarara. Ni dai ba na ba da shawarar a tsallake su. Idan ba ka ji su ba, ba za ka gane dalilin da ya sa aka sallami Ozzy a 1979 ba, ba za ka kuma gane irin farfaɗowar da Heaven and Hell ya kawo a 1980 ba, lokacin da Ronnie James Dio ya karɓi waƙa da murya mai tashi sama, ta daban da ta Ozzy baki ɗaya.

Faifai 19 suka yi, na ƙarshe a 2013, kuma Iommi ne kaɗai ke cikin dukkansu. Ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun na asali suka sake hawa dandali a filin wasa na Villa Park, a unguwar da suka tashi. Ozzy a zaune ya yi waƙa saboda cutar Parkinson. Ranar 22 ga watan ya mutu, yana da shekara 76.

[Kiɗan tsakiyar shiri]

Idan yanzu kuka kama mu, muna bin sawun faya-fayan makaɗan da wasu suka ba mu shawarar saurara.

Matasa da yawa sun san Fleetwood Mac ne a 2020, lokacin da waƙar "Dreams" ta karaɗe TikTok. Tana cikin Rumours na 1977, faifan da aka sayar da sama da kwafi miliyan 40. Shi ne na 11 a jerin nasu. Koma farko, sai ka tarar da wata ƙungiya daban: makaɗan bulus da Peter Green ya tara a Landan a 1967, babu Stevie Nicks, babu Lindsey Buckingham, waɗanda sai ƙarshen 1974 suka shigo. Green ne ya rubuta "Black Magic Woman", wadda mutane da dama ke zaton ta Santana ce. A ganina, Then Play On na 1969 ya cancanci a zauna masa kamar yadda ake zauna wa Rumours.

ABBA na ƙasar Suwidin kuwa, kowa da "Dancing Queen" ya san su, kiɗan biki da rawa. Ma'aurata ne biyu. Ka bi su daga nasarar gasar Eurovision ta 1974 zuwa The Visitors na 1981, za ka ji fara'ar tana raguwa, domin kafin wannan faifan ya fito duka auren biyu sun watse. Tarin fitattun waƙoƙi da kamfani ke haɗawa yana cakuɗa shekaru, ba ya barin kunne ya ji wannan sauyin.

Manhajojin kiɗa ma suna ba da shawara, amma abin da ya yi kama da wanda ka riga ka ji suke ƙaro maka. Aboki kuwa zai ce maka, "Fara da na uku, idan ya shige ka sai ka koma na farko," kuma bayan mako zai tambaye ka ya ka ji. Shi ya sa nake cewa a ba kowane faifai lokacinsa, a ji shi daga farko har ƙarshe fiye da sau ɗaya kafin a yanke masa hukunci. Wanda kuɗin data ke yi wa nauyi, faifai ɗaya a mako ya wadatar.

Ta irin wannan miƙa hannu ne wani makaɗin jita na Nijar ya kai ga duniya. Mdou Moctar, Buzu, shi ma bahago, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon muryar waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, har suka faɗa kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds a Amurka. Wanda ya fara jin sa a Afrique Victime na 2021, da jitar rok mai tsawa, da wuya ya yarda mutum ɗaya ne da wanda ya naɗi Anar. Faya-fayansa za mu bi a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, tun daga na Sakkwato.

Kafin nan, ku turo mana sunan mawaƙin da wani ya taɓa ba ku, da faifan da kuka fara da shi. Yanzu ga "Heaven and Hell", da muryar Dio. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]