Gayya: Jarin da Ya Rage wa Manoman Sabon Birni da Isa

A gabashin jihar Sakkwato, inda gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa, na Maraɗi ya gangaro ya tarar da su, nan gulbin Rima yake kama hanyarsa. Fadamun da ke bakin waɗannan gulabe sun daɗe suna ciyar da ƙasar Gobir. Da damina gero da dawa da wake a tudu, shinkafa a fadama, da rani kuma albasa da tattasai da alkama. A nan ne kufan Alƙalawa yake, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, birnin da ya faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808.

Ƙasa mai gona da tarihi irin wannan ta isa ta ja baƙi. A Italiya tun 1985 aka yi dokar da ta tsara yadda manomi zai sauki masu yawon buɗe ido a gonarsa, ya ciyar da su daga abin da ya noma. A nan gida ma, ruwan da ya ratsa Sabon Birni yana cikin wanda yake isa Argungu, inda bikin kamun kifi da ya samo asali a 1934 yake tafe da baje kolin amfanin gona, har UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Sai dai ba mutum ɗaya ke ɗaukar nauyin wannan biki ba. Masunta da manoma da makaɗa da masarauta kowa yana riƙe da nasa ɓangaren.

Amma yau wa zai yi maganar baƙo a Isa ko Gatawa? A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun hijira. Garuruwa da dama sai sun biya harajin da aka ɗora musu kafin su shiga gona, a sake biyan wani kafin girbi.

A irin wannan hali ne darajar taimakon juna take fitowa fili. Gayya ba baƙon abu ba ce a Gobir: mai gona ya sanar, a dama fura, samari su fito da garma, a gama huɗar kwana goma kafin azahar. A da sauƙin aiki ake nema da ita. Yanzu kuwa, da daɗewa a gona mai nisa ya zama kasada, gayya ce take rage lokacin da manomi zai yi a daji. Ita ce take nome gonar matar da aka kashe wa miji, da ta magidancin da ya sayar da shanun huɗarsa ya biya kuɗin fansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya rage shi ne a ba wannan al'ada tsari, kuma misalin yana ƙetaren iyaka kawai. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna haɗuwa kowane mako su zuba abin da ya sawwaƙa a asusu, su ranta wa junansu, su ware wani kaso domin rashin lafiya ko rasuwa, a ƙarshen zango a raba. Tsarin da aka gina kan adashinmu ya bazu yau a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya.

Manoman fadama za su iya yin haka. Mutum ashirin in sun haɗa kuɗi sun sayi injin ban ruwa sun yi karɓa-karɓa. In sun sayi taki a dunƙule sun same shi da rahusa. In sun tara albasa wuri ɗaya sun jira farashi ya tashi, dillali ba zai saye ta a wulaƙance ba. Rumbun ƙungiya kuma shi ne yake ranta iri ga wanda aka ƙone wa nasa. Shirin Fadama na Bankin Duniya ma ta hannun ƙungiyoyin manoma ya riƙa ba da tallafinsa, saboda haka wanda ba shi da ƙungiya yakan tashi a tutar babu.

Tsaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati, babu ƙungiyar da za ta ɗauke mata shi. Amma ranar da hanya ta buɗe, waɗanda suka riƙe juna a cikin tsanani su ne za su iya tarbar ɗalibai da masana da jikokin Gobirawa na Tsibiri masu ziyarar Alƙalawa, wannan ya ba da masauki, wancan ya yi jagora, mata su sayar da abinci. Ya kamata ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa da hakimai da sarakunan noma su taimaka a yi wa waɗannan ƙungiyoyi rajista tun yanzu, a koya musu riƙon littafin kuɗi, a kuma riƙa raba iri da taki ta hannunsu kafin ruwan farko ya sauka.