Binciken da ya mayar da rigakafin sankarar bakin mahaifa allura ɗaya tak

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV cikin jerin rigakafin yau da kullum, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. An fara da wasu jihohi da Babban Birnin Tarayya, sauran suka biyo baya a watan Mayun 2024. Kowace yarinya allura ɗaya ake yi mata, kuma kaiwa ga wannan matsayi ya ci shekara arba'in na bincike.

A shekarun 1970, yawancin masana suna zargin wata ƙwayar cuta daban ce ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, ya dage cewa HPV ce. A 1983 ya gano nau'i na 16 a jikin ƙarin da aka ciro daga marasa lafiya, a 1984 kuma nau'i na 18. Waɗannan biyu ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. Ya samu lambar yabo ta Nobel a 2008, ya rasu a watan Mayun 2023, watanni kaɗan kafin Najeriya ta fara allurar.

Da rigakafin ya fito a 2006, sau uku ake yin sa cikin wata shida. Tsadarsa, da wahalar sake nemo yarinya karo na biyu da na uku, sun sa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sun ja da baya. Sai aka lura a Kosta Rika da Indiya cewa waɗanda suka samu allura ɗaya kawai garkuwar jikinsu ta daɗe tana aiki. A Kenya aka gwada batun kai tsaye, inda wani bincike kan 'yan mata fiye da 2,000 masu shekara 15 zuwa 20 ya nuna allura ɗaya na ba da kariya ta kusan kashi 97 cikin 100 daga nau'i na 16 da na 18. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin allura ɗaya. Da haka kuɗin da a da zai isa yarinya ɗaya ya isa biyu ko uku.

Najeriya na da dalilin gaggawa. Alƙaluman 2020 sun nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da cutar a ƙasar, kusan 8,000 kuma suka mutu. Galibi sai ciwon ya ci jiki ake zuwa asibiti.

Sai dai allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta shiga jikinta. Cutar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ta fi sauri kuma ga mata masu ɗauke da HIV. Wannan tazara ita ce damar ganowa da wuri. Shi ya sa burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar zuwa 2030 ya ƙunshi abu uku: a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani.

A nan aikin ya dawo kan teburin ma'aikatan gwamnati. Allurar ta samu tallafin Gavi, amma gwaji da magani sun dogara ne kan kasafin kuɗi, da inshorar lafiya, da ƙarfin cibiyar binciken cutar daji ta ƙasa, NICRAT, wajen tattara sahihan alƙaluma. Ma'aikaciyar da ta kai 'yarta rigakafi, ita ma tana da gwajin da ke jiranta.