Walƙiyar Da Ta Ratsa Sararin Likoro Ba Wanda Ya Gani

Ran Lahadi 9 ga watan Oktoba, 2022, da ƙarfe 2 da minti 17 na rana, wani haske ya sauko bisa Likoro ta ƙasar Kudan daga wajen gabas, kamar sulusin hanya tsakanin gefen sama da tsakiyarta. Ya lulluɓe Hunkuyi da Makarfi da Ikara da Zariya, kai, har kusan Afirka duka da Turai da yawancin Asiya. Lokacin kaka ne, masu masara suna gona, masu rake suna fadama, ba kuwa wanda ya ɗaga kai, gama ba abin da ido zai gani, ba kuma ƙarar da kunne zai ji. Amma tun da 'yan Adam suka fara auna irin wannan haske ba su taɓa gamuwa da mai ƙarfinsa ba. Masana taurari sun yi lissafi, sun ce irinsa sai kamar sau ɗaya cikin shekara 10,000.

Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wannan al'amari, musamman malaman makaranta waɗanda yara kan tsare su da tambaya, da akawuna waɗanda mutanen ƙauye kan nemi ƙarin bayani wurinsu.

Da fari dai, wane irin haske ne wannan? Duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙirji a asibiti ya san akwai hasken da ido ba ya gani, mai ratsa nama ya nuna ƙashi. Shi ake kira eksire. To, akwai yayansa wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sunansa hasken gamma. Irinsa ne ke fita sa'ad da bom ƙare-dangi ya fashe. Kada hankalin kowa ya tashi da jin haka. Iskar nan da ta kewaye duniya garkuwa ce, kaurinta kamar a ce ruwa mai zurfin ƙafa 30 da 'yan kai ne bisa kanmu, hasken gamma kuwa ba ya iya keta ta. Na ran nan bai taɓa mutum ba, bai taɓa dabba ko amfanin gona ba. Amma garkuwar da ke tsare mu ita ce kuma ta ɓoye mana abin tun fil azal. Sai da aka iya harba na'urori suka wuce iska aka san da shi, ko da hakan ma ba shi aka fita nema ba.

Dattawa za su tuna 1960, shekarar samun mulkin kai. Ran 13 ga watan Fabrairu na shekarar nan Faransa ta gwada bom ƙare-dangi a Reggane, cikin Hamadar Sahara ta Aljeriya, aka yi ta fargaba kada iskar hunturu ta kwaso mana ƙurarsa. Da suka sake na uku a ƙarshen Disamba, sai gwamnatin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa cikin Janairu 1961, ta sallami jakadansu. Kukan ƙasashe ya yi yawa, har cikin 1963 Amurka da Rasha da Ingila suka sa hannu kan alkawarin daina gwaji cikin iska da cikin ruwa da sararin samaniya. Faransa dai ba ta sa hannu ba. Su waɗanda suka sa ɗin ma ba su amince da juna ba, saboda haka tun daga watan Oktoba na shekarar Amurka ta shiga harba waɗansu taurarin ɗan Adam biyu biyu, masu suna Vela, su tsaya gadi wajen sulusin hanyar zuwa wata, ko wani zai saci jiki ya yi gwaji.

Ran 2 ga watan Yuli, 1967, masu gadin nan suka ji wata walƙiyar gamma wadda ba ta yi kama da ta bom ba. Labarin ya kwanta cikin tarin takardu, sai 1969 wani masani a Los Alamos, Ray Klebesadel, yana bin lissafin layi layi ya yi tuntuɓe da shi. A nan akwai abin da zai gamshi akawu. Kowane tauraro yana rubuta lokacin da hasken ya iso shi. Haske na gudun mil 186,000 cikin daƙiƙa guda, taurarin kuwa suna nesa da juna, don haka wanda ke wajen da hasken ya fito zai riga ɗan'uwansa ji da ɗan ƙiftawar ido. Da wannan ɗan bambanci aka gane ba daga duniya yake fitowa ba, ba kuma daga rana ba. Cikin 1973 shi da abokan aikinsa biyu suka buga labarin walƙiya 16. Da an yi sakaci da rubuta lokaci daidai, da ba a sami kome ba.

Daga nan sai gardama ta kaure, ta shekara ashirin da 'yan kai. Walƙiyar takan zo kamar sau ɗaya a yini, daga inda ba a zata ba, ta yi daƙiƙa kaɗan ko minti kaɗan ta ɓace, ba ta kuwa maimaita wuri. Wanda ya hangi wuta cikin dare a daji ba ya iya cewa fitilar mai tafiya ce kusa ko gobara ce can nesa, muddin bai san nisan ba. Haka masana suka zama. Waɗansu suka ce daga garken taurarinmu ne, watau farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama in dare ya yi duhu. Waɗansu suka ce a'a, daga can ƙurewar samaniya ne. Wani kumbo mai suna Compton da aka harba 1991 ya ƙirga walƙiya fiye da 2,700, aka tarar sun bazu ko'ina daidai wa daida, ba su taru wajen farin zanen ba. Wannan ya ƙarfafa masu cewa nesa ne, amma bai kashe maganar ba, domin na'urar gamma ba ta iya nuna wuri sosai. Kamar a ce maka ɓarawo yana Lardin Zazzau ne, ba a faɗi gari ba balle unguwa.

Abin da ya raba gardamar shi ne wani ɗan haske da ke saura bayan walƙiyar ta wuce. Masana sun ara masa sunan jan nan da kan rage a yamma bayan faɗuwar rana, watau shafaƙi. Sun daɗe suna zaton akwai shi, saura kamawa. Cikin 1996 Italiya da Holan suka harba kumbo mai suna BeppoSAX. Ran 28 ga watan Fabrairu, 1997, ya ji walƙiya, ma'aikatansa suka juya shi, bayan awa 8 ya hangi hasken eksire a wurin, yana dushewa. Aka aika wa masu manyan tabarau na kawo nesa kusa. Kafin yini guda ya cika, tabarau na William Herschel da ke tsibirin La Palma, daura da gaɓar Maroko, mai madubi kusan ƙafa 14, ya ɗauki hoton wurin. Da aka sake ɗauka bayan mako guda da 'yan kai aka gwama biyun, sai ga wani ɗigo da ke cikin na fari ya ɓace cikin na biyu. Shi ke nan, an sami ƙofar gidan.

Saura nisa. In aka bi da haske ta cikin wani gilashi sai ya rabu launi launi kamar bakan gizo, da waɗansu baƙaƙen layuka a ciki. Iyakar nisan da hasken ya fito, iyakar yadda layukan nan ke gusawa wajen ja. Ran 8 ga watan Mayu na shekarar aka sami wata walƙiya, tabarau na Keck a tsibirin Hawaii ya raba hasken shafaƙinta, aka tarar ya yi tafiyar shekara miliyan dubu 6 ko fiye. Don a gane, hasken rana minti 8 da 'yan kai yake yi ya iso mu, ga shi kuwa mil miliyan 93 ne tsakani. Ashe gobara ce, ba fitila ba. Cikin ɗan lokacin nan walƙiya guda takan zubar da abin da ya fi ƙarfin da rana za ta fitar duk tsawon rayuwarta.

Mafarin abin, bisa ga binciken da ya biyo baya, mutuwar tauraro ce. Ƙaton tauraro wanda ya ninka rana nauyi sau da yawa, in makamashinsa ya ƙare, sai cikinsa ya rufta ya zama abin da ake kira baƙin rami, wurin da ko haske ba ya kuɓuta. Yayin ruftawar sai harsunan wuta biyu su ɓullo, ɗaya nan ɗaya can, siriri kamar hasken tocila, suna gudu kusan gudun haske. Sai wanda tocilar ta saita mu kaɗai muke gani. Harshen nan kuwa in ya ci karo da siririyar iska da ƙurar da ke kewaye da tauraron sai ya zafafa su, su yi ta haske kwana da kwanaki suna hucewa. Shafaƙin ke nan. Akwai kuma gajerun walƙiya, waɗanda ba su kai daƙiƙa 2 ba, su kuwa karon ragowar matattun taurari biyu ke kawo su. An shaida ɗaya ran 17 ga watan Agusta, 2017, aka gano wurinta daga ƙasar Cile bayan awa 11.

Tun da shafaƙin ba ya jira, aikin ya zama tsere. Kumbon Swift da Amurka ta harba cikin Nuwamba 2004 an gina shi ya juya da kansa cikin minti ɗaya ko biyu, ya kuma aiko da wurin ƙasa nan take, sanarwa ta bazu ga kowane mai tabarau a duniya. Wanda dare ya same shi da sama garau shi ke fara duba, in gari ya waye masa na yamma da shi ya karɓa. Kowace walƙiya kuwa da lambarta kamar fayil: shekara, wata, rana. Ran 19 ga watan Maris, 2008, an yi wadda haskenta ya isa ido ya gani ba tabarau, har wajen rabin minti, daga nisan shekara miliyan 7,500.

To, mu koma ga ta Oktoba 2022, mai lamba GRB 221009A. Kumbon Fermi ya ji ta, ƙarfinta kuwa ya dallare na'urarsa da na waɗansu da dama har suka kasa ƙirga, sai daga baya aka yi ta haɗa lissafi aka ce ta ninka wadda ta fi ƙarfi a da wajen sau 70. Swift bai gan ta ba sai bayan kusan awa guda. Abin da ya gani ma shafaƙi ne, amma don tsananin haskensa, ga shi kuma wajen farin zanen nan yake, sai aka fara ɗauka wani abu ne na garkenmu. Ba a daɗe ba aka gane kuskuren. Kafin rabin yini ya cika babban tabarau na Turawa da ke Cile, mai madubi ƙafa 27, ya raba hasken: shekara miliyan 1,900 ya yi a hanya. Bisa ga lissafin masana, sa'ad da ya taso babu itace ko ɗaya a doron ƙasa, babu kifi cikin ruwa. Cikin irin waɗannan walƙiya ma wannan maƙwabciya ce, kusancin nan kuwa da ƙuncin harshen wutarta, wanda ya saita mu sosai, su suka sa ta yi fice. Da tabarau na James Webb ya duba wurin bayan wata shida, sai ya tarar da fashewar tauraro irin wadda aka saba gani, ba wata ta daban ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne har duniya ta ji a jikinta. Can saman iska akwai wani sashe da ke maido da muryar rediyo ƙasa, shi ya sa ake kama tashoshin nesa da dare. Walƙiyar ta girgiza shi. Na'urori masu sauraron doguwar igiyar rediyo a Indiya da Turai suka nuna canji daidai lokacin, har da na waɗansu masu yin abin don sha'awa a gidajensu.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Tabarau na rediyo mai suna MeerKAT a Afirka ta Kudu ya bi shafaƙin. A Namibiya akwai H.E.S.S., wanda ya yi suna cikin 2019 da ya bi shafaƙin wata walƙiya dare uku a jere, amma wannan karon farin wata ya hana shi, gama daren ran nan wata ya cika, sai dare na uku ya samu dubawa. Mu nan Arewa gaskiya ne gizagizan damina da hazon hunturu ba su yi wa babban tabarau daɗi ba, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba ne. Amma a ganinmu wannan ba hujjar naɗe hannu ba ce. Kano ta taɓa riƙe tashar Amurka mai bin kumbo, wadda ta yi magana da John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya cikin 1962. Na'urar sauraron igiyar rediyon nan kuwa ba ruwanta da gajimare ko hazo, waya ce a naɗe da ɗan akwati da agogo mai kyau, makarantar sakandare a Makarfi ko Ikara za ta iya riƙe ta, muddin akwai malamin da zai tsaya a rubuta lokaci daidai kullum.

Malamin da ke son nuna wa yara wurin da hasken ya fito, sai ya fita da su cikin Oktoba bayan lisha, daren da babu wata. Su dubi tsakiyar sama su ɗan karkata yamma, za su ga taurari uku masu haske sun yi kamar duwatsun murhu, farin zanen ya ratsa ta tsakaninsu. Tsakanin na kudu da na yamma, kusa da na kudun, nan ne.