Gargaɗi ga makaɗan jita da masu gyara: a daina haɗa kawunan amfilifaya biyu a akwati ɗaya da ka

Duk mai kan amfilifaya fiye da ɗaya da akwatin sifika guda, wanda ke shirin a haɗa masa makunnin da zai riƙa sauya su da taɓi ɗaya, ya dakata tukuna. Wanda kuma aka riga aka haɗa masa, ya zare makunnin nan daga layi yau ɗin nan, kada ya sake ba shi wuta sai an buɗe an ga yadda aka bi da wayoyin cikinsa. Ina magana da makaɗan jita, da masu ba da hayar kayan sauti, da masu kula da kayan kiɗa a coci-coci da situdiyo, musamman kuma 'yan'uwana masu gyara, domin a hannunmu ake ƙulla wannan ɓarnar.

Buƙatar ba laifi ba ce. Makaɗi yana son gurnanin Marshall a wata waƙa, yana son garau ɗin Fender a wata, ga shi akwati mai sifika huɗu sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Wanda ke yawon kiɗan biki a Agadas ko Yamai, ko mai ɗaukar kaya daga wannan zaure zuwa wancan a Jos da Kaduna, ba zai so jigilar akwati biyu ba. Sai ya ce a yi masa dabara. Dabarar ce ke cin dukiya, wani lokaci har ta nemi rai.

Kwanakin baya wani yaro ya shigo shagona rungume da kan amfilifaya mai bawul, abokinsa na biye da na biyun. Tun kafin in kwance murfi hancina ya gaya mini labari, wannan ƙaurin na ƙonannen fenti da ke fita daga taransifoma idan nadinsa ya dahu. Na ce, "Samari, me ka haɗa masa?" Ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe daga jaka yana cewa, "Baba, wallahi sati uku yana aiki lafiya." Na buɗe. Makunni ne irin na canji-oba, wanda ake sauya gida da shi daga wutar NEPA zuwa janareta, an liƙa masa ramukan jak uku da dalma. Aikin tsaf, babu waya ko ɗaya da ta yi sako-sako. Wanda ya haɗa ya iya hannunsa, abin da bai sani ba shi ne halin amfilifaya mai bawul. Da na juya kan, sai ga baƙin zane siriri kamar na gawayi tsakanin ƙafafu biyu na mazaunin bawul ɗin EL34, inda wuta ta yi tsalle. Yaron ya zauna a benci ya dafe kai. Ɗaya daga cikin kawunan ma ba nasa ba ne, aro ya yi.

Ga abin da ya faru. Amfilifaya mai bawul, wato mai kwalaben nan da ke yin ja kamar garwashi, ba ya tura sauti kai tsaye zuwa sifika. Akwai taransifoman fita a tsakani. Ta ɓangaren bawul akwai wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 500, ta ɗaya ɓangaren kuma sifika ce ke shanye ƙarfin da aka turo. Idan aka cire sifikar alhali sauti na shiga, ƙarfin nan ba shi da wurin zuwa. Ka ɗauki mai jan guga cike da ruwa daga rijiya mai zurfi, ya tattara ƙarfinsa duka, sai igiya ta tsinke: ƙarfinsa ne zai maka shi da ƙasa. Haka wutar ke komawa baya cikin nadin taransifoman, ta haura bolt dubu nesa ba kusa ba, ta huda ɗan siririn fentin da ya raba wannan zagaye na waya da wancan, ko ta yi tsalle a mazaunin bawul. Ba sai an ɗauki minti ana bugawa ba. Bugu ɗaya mai ƙarfi da murya a sama ya isa. Abin da ya fi ban takaici, sau da yawa ba ya mutuwa nan take. Fentin ya riga ya raunana, amfilifaya ya ci gaba da aiki, mai shi yana ta yabon dabararsa, sai ranar da ya fi buƙatarsa ya yi shiru. Sati ukun da yaron nan ke taƙama da su, sati uku ne na cin taransifoma a hankali, domin duk lokacin da ya juya makunni zuwa kai na biyu, na farkon yana zaune babu kaya, wato babu sifika, jitar kuma tana shiga dukansu.

Mai taransisto halinsa daban ne, kusan kishiyar wancan. Yawancinsu ba su damu ba idan an bar su babu sifika. Abin da ke kashe su shi ne wayoyin fita biyu su haɗu, ko a ɗora musu om ƙasa da abin da aka rubuta a bayansu. Shi ya sa makunnin da ya dace da wannan zai iya zama ajalin wancan. Kamfanin Radial na ƙasar Kanada, da ke ƙera irin wannan akwatin sauyi mai suna Headbone, bai yi guda ɗaya ya ce kowa ya saya ba. Gida uku ya raba shi: VT na kawuna biyu masu bawul, SS na masu taransisto biyu, TS kuma na wanda ke da ɗaya-ɗaya. Idan masu injiniyoyi da ɗakin gwaji sun ga dole a raba, ban ga yadda za a tara duka a makunni ɗaya na kasuwa ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma na sha gani: a ɗauko waya mai reshe biyu, a cusa kawuna biyu a akwati ɗaya, a ce ai ɗaya kawai za a riƙa kunnawa. Kada a kuskura. Fitar wannan kai tana zubawa ne cikin fitar wancan, ko yana kunne ko yana kashe. Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka haɗa janareta da wutar NEPA a layi ɗaya. Ramuka biyun da ke bayan yawancin akwatuna ma a haɗe suke ta ciki, an yi na biyun ne don a wuce zuwa wani akwatin, ba don a kawo wani kai ba. Haka nan ɗan makunnin ƙafa da ake raba jita ɗaya zuwa amfilifaya biyu da shi, wurinsa gaban amfilifaya ne, inda sautin jita da ƙyar yake kai bolt ɗaya. A bayan kai mai wat 100 kuwa, akwati mai om 16 yana karɓar bolt 40 da amfiya 2.5, mai om 4 yana jan amfiya 5. Wannan ɗan makunnin narkewa zai yi, da zarar ya narke kuma layi ya yanke, mun koma ga mai jan guga.

Wayar ma haka. Bakin jak ɗin iri ɗaya ne, shi ke ruɗin mutane, amma wayar jita siririya ce mai raga a jiki, ta sifika kuwa jijiya biyu ce masu kauri. Kowace waya daga kai zuwa makunni, daga makunni zuwa akwati, ta sifika za a sa.

To mai gyara, idan har za ka haɗa, ga abin da dole akwatinka ya yi, kuma a jere. Ya fara toshe sautin jita daga shiga kan da za a ajiye. Ya ɗora wa kan nan rizisto mai om daidai da na akwatin kafin ya raba shi da sifika, yadda babu ko ƙiftawar ido da zai zauna babu kaya. Sannan ya miƙa sifikar ga ɗaya kan, ya buɗe masa sauti. Makunnin da ke sauya fita kawai ya bar shiga a buɗe bai yi rabin aikin ba. Riziston kuma ba ɗan ƙaramin nan na cikin rediyo ba ne. A aikin gida, ka sa wanda zai iya ɗaukar ƙarfin kan gaba ɗaya, ka ɗaure shi a farantin alminiyam mai shan zafi, ka bar masa iska. Ka sauya jijiyoyin biyu duka, kada ka tara wayoyin dawowa na kawunan wuri ɗaya, saboda a wasu amfilifayoyin zamani marasa nauyi duka bakunan fita biyu masu rai ne, babu wanda yake ƙasa, kana haɗa shi da jikin ƙarfe ka gama da shi. Idan da rile ka yi aikin, ka zauna ka tambayi kanka: ɗan adaftan da ke ba akwatin wuta ya zare a tsakiyar wasa, ko janareta ya yi tari rile ya saki, ina kowane kai zai faɗa? Amsar da za a karɓa ɗaya ce, ɗaya yana kan sifika, ɗayan yana kan rizisto. A inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa sau da yawa a dare guda, wannan tambayar ita ce ta farko.

Wani tarko da ko akwatin kamfani bai tsira daga gare shi ba shi ne na'urar amsa-kuwa. Idan an saka ta a ramukan da ke bayan kai, to ko an toshe jita daga gaba, ita tana ci gaba da maimaita abin da ta riƙe, tana tura shi cikin kan da aka ajiye. A sa ta tsakanin jita da makunni.

Batun om kuwa, kada a yarda da baki. Akwatin Marshall 1960 yana da ramin om 16 da na om 4, idan an raba shi gida biyu kuma kowane ɓangare om 8 ne. Akwatin da ya sha hannu a kasuwa wataƙila an canza masa sifika, rubutun baya ya zama tarihi. Sa mita ka auna. Mai om 8 zai nuna wajen 6, mai 16 wajen 12 ko 13, mai 4 wajen 3. Kowane kai a saita shi a kan wannan adadin, shi da riziston da zai jira a kai. Kayan da aka shigo da su daga Amurka kuma na bolt 120 ne, tamu wutar 220 zuwa 230 ce, a duba bayan kowane kai kafin a cusa filogi.

Yanzu ga wanda ya fi tayar mini da hankali. Da an haɗa kawuna biyu a jita ɗaya, sau da yawa sai wani gunji ya taso a sifika. Maganin da ake yi a gurguje shi ne a karya ƙafar filogi ta uku, ko a yanke wayar ƙasa. Gunjin yakan tafi, amma kariyar makaɗi ta tafi tare da shi. Igiyoyin jita a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya ta cikin waya. Ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfen nan babu hanyar da za ta bi ta sauka ƙasa, ta yatsun mai bugawa za ta bi, balle ga gumi, ga ƙafa a kan siminti ko danshin ƙasa, ga makirfo a bakinsa. A 1972 Les Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Swansea ta ƙasar Wales, gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa makirfo marar wayar ƙasa. A 1976 Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds ya mutu a gidansa, wuta ta kama shi yana kaɗa jita. Maganin gunji shi ne ɗan taransifoman rabewa a layin jitar da ke zuwa kai na biyu, a kuma jona kawunan duka a soket guda. Wayar ƙasa ba a taɓa ta.

Makaɗi kuma, don Allah kada ka buɗe cikin kai mai bawul da kanka. Manyan kafasito na ciki suna iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare filogi. Ko mu da muke wannan sana'a sai mun sauke wutar mun auna da mita kafin mu kai hannu.

Wanda ba shi da kuɗin akwatin sauyi na gaskiya, akwai hanyar da ba ta cin ko sisi. Kai ɗaya kawai zai kasance a kunne. Idan za ka sauya, rage murya, kashe wanda ke aiki, zare wayar sifika ka mayar da ita ɗaya kan, duba om, sannan ka kunna shi ka ba bawul ɗinsa minti guda su yi ɗumi. Shirun minti biyu tsakanin waƙa da waƙa babu mai biki da zai kore ka a kansa. Idan kuma ka buga jita ba ka ji komai ba alhali kwalaben suna ja, kada ka ƙara murya kana neman sauti, domin nan ne mafi yawa suke ƙarasa taransifomansu da hannunsu. Ɗauke hannu daga igiya, kashe wuta, ka bi wayar sifika da ido daga bayan kai har zuwa ramin akwati.