Ko Ka San Yadda Sitiyari Ya Ɓace Wa Jirgin Yaƙin Amurka?

Ko ka san cewa jirgin ruwan yaƙin da aka ƙera don ya kakkaɓo makami mai linzami a sararin sama ya taɓa shiga ruɗani, matuƙansa suka kasa gane wa ke riƙe da sitiyari, har mutum 10 suka rasa rayukansu? Abin da ya faru da jirgin Amurka mai suna USS John S. McCain ke nan, da asubahin ranar 21 ga Agusta, 2017, a gabashin mashigin ruwan Singafo.

Tsawon jirgin ya kai mita 154, yana ɗauke da sojojin ruwa kusan 300. Injuna huɗu ne irin na jirgin sama ke juya farfelolinsa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sai a riƙe wannan da kyau, domin a nan maganar take: idan farfela ɗaya ta fi 'yar'uwarta gudu, jirgin zai karkata ko da sitiyari yana tsaye a miƙe. Duk wanda ya ga mai kwalekwale yana tuƙi da filafili ta gefe guda ya san yadda hancin jirgi ke juyawa.

A da, totur ɗin irin waɗannan jirage ƙarfe ne da ake kamawa a tura gaba ko a ja baya. Kowa a ɗakin tuƙi yana ganin inda yake, ko a duhu hannu zai laluba ya gane. Sai aka sa wa McCain sabuwar na'ura, totur ya koma kan allon kwamfuta da ake latsawa kamar na wayar hannu. Haka ma ikon miƙa tuƙi daga wannan mazauni zuwa wancan ya koma kan allo.

Da asubar nan jirgin yana gudun kusan kilomita 37 a awa, cikin ɗaya daga hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya. Kwamandansa, Alfredo Sanchez, ya lura matashin da ke tuƙi yana fama da sitiyari da totur lokaci guda, sai ya ba da umarni a miƙa totur ga na kusa da shi. Niyyar mai kyau ce. Amma wajen latse-latsen sai sitiyarin ma ya bi totur ya koma ɗaya mazaunin, ba wanda ya ankara. Matuƙi ya juya sitiyarinsa ya ji shiru, ya ɗaga murya cewa tuƙi ya ƙwace. Alhali ba abin da ya lalace a jirgin.

Kwamanda ya ce a rage gudu. A nan kuskure na biyu ya shigo: haɗin da ke sa farfelolin biyu su yi aiki tare ya riga ya kwance a kan allon, don haka ta hagu kaɗai ta rage, ta dama ta ci gaba da turawa. Jirgin ya yi ta karkata hagu, ana ta ƙwace ikon tuƙi daga wannan mazauni zuwa wancan, har ya gitta gaban wata tankar mai, Alnic MC. Hancin tankar na ƙarƙashin ruwa ya huda shi daidai ɗakin kwanan sojoji. Duk wannan cikin 'yan mintoci. Yawancin waɗanda suka mutu samari ne, ruwa ya ritsa su a inda suke kwana.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne wata biyu kacal kafin nan, ranar 17 ga Yuni, wani jirgin irinsa, USS Fitzgerald, ya yi karo da jirgin kwantena ACX Crystal a kusa da gaɓar Japan, mutum 7 suka mutu. Jirage biyu na runduna guda, rai 17.

To, laifin wa? A al'adar sojan ruwa, duk abin da ya sami jirgi yana wuyan kwamandansa, ko yana barci ko idonsa biyu. Ban ga aibin wannan ƙa'ida ba. Sanchez yana da nasa: mataimakansa sun ba shi shawarar ya ɗora ƙwararrun matuƙa tun kafin a shiga cunkoson, ya jinkirta don mutanensa su ƙara samun barci. An tuɓe shi, aka fara tuhumarsa da kisa ta hanyar sakaci, daga baya a 2018 ya amsa laifin sakaci da aiki a kotun soja. An rage wa jami'in da ke koyar da matuƙan girma, shi kuwa ya faɗa wa kotu cewa shi kansa ba a koya masa na'urar yadda ya kamata ba.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu daga cikin masu aiki a ɗakin tuƙin aro su aka yi daga wani jirgi, USS Antietam, wanda na'urar tuƙinsa ta bambanta. Ofishin binciken gwamnatin Amurka ya gaya wa majalisa cewa a watan Yunin 2017, kashi 37 cikin ɗari na takardun shaidar ƙwarewar manyan jiragen yaƙin da ke zaune a Japan wa'adinsu ya ƙare, wasu sojojin kuma suna aikin sama da awa 100 a mako. Ba kwamandan jirgi ne ke tsara haka ba. Daga sama ake ta turo aiki, ana ɗage horo, kuma an sha yin gargaɗi shekaru kafin haɗarin. A 2019 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora asalin laifin karon McCain kan gazawar rundunar sojan ruwa wajen sa ido da horarwa.

Manya ma abin ya taɓa su, amma da sauƙi. An sauke Joseph Aucoin, shugaban Runduna ta Bakwai wadda jiragen biyu ke ƙarƙashinta, kwana biyu bayan karon, makonni kaɗan kafin ritayarsa. Wasu suka yi ritaya da wuri. A Afrilun 2019 aka janye tuhumar kwamandan Fitzgerald, aka bar shi da takardar tsawatarwa. A ganina an yi wa iyalan mamatan rabin adalci ne: waɗanda ke cikin jirgi sun tsaya gaban alƙali, amma cikin manyan hafsoshin da suka tura su teku ba barci ba horo, ko ɗaya bai tsaya ba.

A watan Agustan 2019 rundunar ta sanar cewa daga 2020 za ta fara mayar wa jiragen nan totur na ƙarfe, irin wanda hannu ke kamawa.