Me Ya Hana Kan Caja Ƙanƙancewa?

'Yan uwa ɗalibai, a wannan makon filinmu na kimiyya zai leƙa cikin cajar waya. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe caja ko rediyo a shagon mai gyara ya ga wasu 'yan gwangwanaye a tsaye a ciki. Sunansu kafasita, kuma sau da yawa suna cikin abubuwan da suka fi cin wuri.

Mene ne aikinsu? Wutar da ke fitowa daga soket kai da komowa take yi, sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa waya wuta mai bin hanya ɗaya take so. Akwai sashen da ke juya wutar ta fuskanci gefe guda, amma sai ta riƙa zuwa tana yankewa, sau 100 a daƙiƙa, kamar ruwan famfon tuƙa-tuƙa. Kafasita ita ce tankin: tana cika idan wuta ta zo, ta saki idan ta ja baya, har wutar ta daidaita. Idan ta lalace, rediyo kan yi ƙugi.

An daɗe ana yin irin wannan kafasita da siririn fallen alminiyum da aka naɗe. Tana da sauri, amma wutar da take riƙewa kaɗan ce idan aka dubi girmanta, kuma zafi kan busar da ruwan cikinta.

Akwai wata iri da ake kira sufa-kafasita, wadda ake yi da gawayin da aka sarrafa har ya cika da ƙananan ramuka. Tana riƙe wuta fiye da ta alminiyum nesa ba kusa ba. Sai dai tana da nawa. Ƙwayoyin da ke ɗauke da caji sai sun bi ramuka masu karkace-karkace, kamar lungunan tsohon gari, don haka takan ci wajen daƙiƙa guda kafin ta cika ko ta juye. Mu kuwa sau 100 muke buƙata a daƙiƙar.

Sai masana suka ce a bar kabon ɗin, a gyara hanyar. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester da ke Ingila suka ɓare girafin, wato fallen kabon mai kaurin atom ɗaya, daga irin abin da ke cikin bakin fensir. A 2010 John Miller da abokan aikinsa a Amurka suka tsirar da fallayen girafin a tsaye a kan ƙarfen nikel, kamar shuka a gona. Tsakanin fallayen a buɗe yake, caji na shiga da fita kai tsaye. Kafasitar tasu ta iya tace wuta mai yankewa sau 120 a daƙiƙa, wato irin ta Amurka. A 2022 masana a birnin Hefei na ƙasar Sin suka fito da wata saƙa ta bututun kabon, na tsaye da na kwance duk a haɗe, domin wannan aikin. Da nanomita ake auna waɗannan abubuwa, kuma kaurin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000.

Har yanzu da sauran aiki. Kafasitar kabon guda ɗaya ba ta jure fiye da bolt 1 zuwa 3, alhali ta alminiyum da ke bakin shigar wuta a caja takan jure bolt 400. Dole a jera da yawa, kuma haɗa su na da tsada. Shi ya sa ta alminiyum ce har gobe a cajarmu.

Gargaɗi: kada kowa ya fasa caja don ya gani da idonsa. Kafasita kan riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket, kuma tana ja. Mai tambaya ya kai ta ga malamin kimiyya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.